Gwanin Fitilar ABS a Ƙasar Lautai

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, hanyar da ta tashi daga Gumel, cibiyar ƙasar Lautai, ta nufi iyakar Nijar cika take yi da motoci: tirelolin ɗaukar shanu, Hilux ɗin fataken riɗi da zoɓo da na ma'aikatan gwamnati, tsofaffin Land Cruiser da suka ratso daga Dungas da Magarya, da Prado ɗin manyan 'yan kasuwa. Da za a bi su ɗaya bayan ɗaya a leƙa gaban direba, ba kaɗan ba ne za a tarar da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ci, mai haruffa uku a cikin da'ira: ABS. Direbobi da yawa sun saba da ita har sun daina ganinta. Wani ya manna mata baƙin salatif, wani ya sa an zare ƙwan gaba ɗaya. In ka yi magana, amsar ɗaya ce: ai birki na kamawa.

A yawancin lokuta gaskiyarsu ne, birki na kamawa. Sai dai fitilar nan ma'ana uku gare ta a jikin mota mai ja da ƙafa huɗu. Wani lokaci ba komai ba ne, motar ce ke sanar da kai abin da ka sa ta yi da hannunka. Wani lokaci ƙaramin gyara ne da bai wuce tsinkewar waya ba. Wani lokaci kuwa gargaɗi ne cewa birkin gaba ɗaya na dab da tafiya. Mutumin da nake yabo a nan shi ne mai wayarin ɗin da zai raba maka waɗannan uku kafin ka kashe ko sisi, a gareji mai rumfar kwano, da mita ɗaya da guntuwar waya da fitilar gwaji.

Aikin na'urar da fitilar ke ba da labarinta ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Taya in ta ƙame tana ja a ƙasa, sitiyari ya zama banza, duk inda ka murza shi motar gaba za ta ci gaba da sulalewa. Don haka aka sa wa kowace ƙafa sensa mai ƙirga juyawarta, tana aika wa kwamfutar birki. Da kwamfutar ta ga ƙafa ɗaya na shirin ƙamewa alhali sauran na gudu, sai ta umarci bawul ya sassauta man birkin da ke zuwa wannan ƙafar, sannan ya sake matsawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, wani ƙaramin famfo kuma na mayar da man. Wannan ne kakkarwar da direba ke ji a tafin ƙafarsa. Jiragen sama ne suka fara amfani da dabarar, kuma abin lura, mota mai ja da ƙafa huɗu ce ta shigo da ita kan titi: Jensen FF ta Ingila, a 1966, da na'urar Dunlop da aka aro daga jirgi. Ta lantarki irin wadda muka sani yau Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ita a 1978. Daga 2004 sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai duk da ita suke fitowa, shi ya sa kusan duk 'yar Kwatanon da ta iso Gumel a yau tana ɗauke da ita, ko mai motar ya so ko bai so ba.

Waɗanda suka ƙera ta ba su zauna a Sule Tankarkar ba. Ƙasar nan rairayi ce, da ka sauka daga kwalta sai burji, daga burji sai turbar amalanke tsakanin gonakin gero da gyaɗa. Bayan girbi kututturan kara na nan tsaye cikin gona da gefen hanya, daidai tsayin da wayar sensa ke lilo a bayan taya. Da rani ƙura na shiga kowane soket, da damina ruwan kududdufi ya bi bayanta ya kwaɓa ta. Motar ma'aikatan rigakafi da ke zaga ƙauyukan Gagarawa tana shan girgizar da motar cikin birni ba za ta sha ba a shekara biyar. Ga kuma nisa. Kano na da kimanin kilomita 120 daga Gumel, kayan gyara kuwa sai an aika kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma kayan lantarki sau da yawa in ka saya ka saya ke nan, ba a mayarwa. Bakaniken birni na iya canke-canke, ya sa wannan ya cire ya sa wancan, tunda shago na bayansa. Na Gumel in ya yi kuskuren canka ya ci wa mai mota wuni guda da kuɗin mota da kuɗin kaya. Wannan matsin, a ganina, shi ya kaifafa waɗanda suka ƙware a cikinsu.

Gwani ba ya fara taɓa sifana. Tambaya yake fara yi. "Alhaji, yaushe ta fara? Da ka kunna take zama, ko sai an fara tafiya take dawowa? Wane aiki aka yi wa motar kwanan nan?" Amsar tambayar ƙarshe takan raba rabin gardamar. In an ce jiya aka sauya boris, ko an sa sabon shaf, ko an yi walda a ƙarƙashin mota, ya san ƙafar da zai fara durƙusawa a gabanta. Ta tsakiyar ma ba ta banza ba ce. Kwamfutar na gwada wayoyinta tun motar na tsaye, don haka fitilar da ta ƙi mutuwa tun daga kunnawa ta fi nuna waya ta tsinke, ko fis, ko ƙarancin wuta. Wadda kuwa ke mutuwa lafiya sannan ta dawo bayan an ɗan yi gudu, wayarta ƙalau take, abin da sensar ke karantowa ne ya lalace: datti, ko tazara, ko haƙorin zoben da ke juyawa a gaban sensar.

Daga nan sai ya murɗa makulli bai tayar da inji ba, ya zuba wa fitilar ido. Mai lafiya takan kama na kamar daƙiƙa 3 ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, wani ya riga shi zuwa. Akwai ma ta'asar da ta fi wannan: a haɗa ƙwan ABS da wayar fitilar mai ko ta caji, ta yadda zai kama da makulli ya mutu da tashin inji, mai saye ya ɗauka komai lafiya. Gwani na gane wannan cikin numfashi biyu, domin fitilar gaskiya ba ta jiran inji, lokacinta take bi. Duk mai shirin sayen jif na hannu ya riƙe wannan ko da ya manta sauran.

Sai batir. Abin na ba wa masu mota haushi, mutum ya zo da matsalar birki a kama duba masa batir. Amma famfon ABS wuta yake ci sosai, kwamfutar kuma ba ta haƙuri da ƙarancinta. Batir mai lafiya a tsaye kusan bolt 12.6 yake nunawa, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Zafin watan Afrilu da Mayu a arewacin Jigawa na gajarta wa batir kwana, girgizar burji na kwance kan batir da wayar bodi. Motoci nawa aka saya wa sensa alhali altaneta ce ta gaji! Yana gamawa ya ce wa yaronsa, "Kai, zagaya baya ka gani," ya taka birki. In fitilun baya ba su kama ba, ƙaramin makunnin da ke saman fedar birki ya shiga cikin waɗanda ake tuhuma, domin kwamfutar da shi take sanin an taka.

Sai a zo karatun lamba. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke ɗauke da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, daga baya sauran duniya ta bi. Yanzu 'yar na'urar da ake cusawa a ciki ta yi magana da wayar hannu ta yi araha, yara da yawa na yawo da ita suna cewa za su sa wa mota kwamfuta. Yawancin masu arahar inji kaɗai suke ji. Za su ce maka babu matsala alhali fitilar na kallonka, saboda lambobin birki, masu farawa da harafin C, a wani ɗaki dabam suke. Wanda ya san Toyota, wadda ita ce ta mamaye hanyoyin nan, yana da wata hanya a yawancin tsofaffin samfura. Zai lanƙwasa guntuwar waya ya haɗa rami na 13 da na 4, ya murɗa makulli, fitilar ta fara ƙifce. Ƙifce uku, ɗan shiru, ƙifce ɗaya: 31 ke nan, ƙafar gaba ta dama. 32 gaba ta hagu, 33 baya ta dama, 34 baya ta hagu. 41 ƙarancin wuta, 49 makunnin fitilar birki, 51 motar famfo. In babu laifin da aka ajiye, sai ta yi ta ƙifce da sauri ba tsayawa. Aiki ne mai son nutsuwa, don rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, hannu in ya kauce ana iya ƙona abin da ya fi sensa tsada nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba a barin sabon yaro ya yi.

A nan ne ake rabuwa tsakanin gwani da mai sayar da kaya. Lambar unguwa take nuna maka, ba ta nuna gida. In ta ce 33, abin da take nufi shi ne saƙon ƙafar baya ta dama bai iso daidai ba. Tsakanin tayar da kwamfutar kuwa akwai zobe mai haƙora, akwai tazarar iska, akwai sensar kanta, akwai waya mai tsawon mita da dama da soket biyu ko uku. Kowannensu na iya haifar da lamba ɗaya tak. Mai gaggawa zai ce a sayo sensa. Gwani zai sa jak.

Tsohuwar sensa mai waya biyu maganaɗisu ce da aka naɗe da siririyar waya, ita ke haifar da 'yar wutarta duk sa'ad da haƙorin zobe ya gifta ta gabanta. Ana auna ta da mita, yawanci tana ba da wani abu tsakanin om 1,000 da 2,000, gwargwadon mota. Gwani bai damu da haddace adadin kowace mota ba, sai ya auna ta dama ya auna ta hagu, in sun yi kusa da juna ya wuce. Sannan ya mayar da mitar kan wuta mai kai-komo, ya ce wa yaro ya juya tayar da hannu, ya ga ko allura za ta motsa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake bin waya. Tsinkewar da ta fi wahalar da mutane ita ce wadda ke cikin roba, waje lafiya lau, ciki gashin tagulla ya karye a daidai inda wayar ke lanƙwasa duk lokacin da aka murza sitiyari ko mota ta faɗa rami. Sai ya maƙala mita, ya bi wayar da yatsu taƙi bayan taƙi yana lanƙwasawa yana ja, idonsa na kan mita ba kan hannunsa ba. Inda adadi ya yi tsalle, nan ne. Ya yanke, ya haɗa da dalma, ya rufe da kyau, ya mayar da wayar cikin maƙalanta na asali don kada taya ta goge ta. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif, kamar yadda ake yi a gefen hanya, damina ɗaya ba ya kaiwa.

In waya ta fita daga zargi, sai a zaro sensar. Kanta maganaɗisu ne, don haka garin ƙarfen da birki da boris ke zubarwa duk can yake taruwa, ya haɗu da giris da rairayi ya zama dunƙule. Goge shi kaɗai ya kashe fitilu da yawa. Amma gwani ba ya tsayawa nan, yakan tambayi kansa daga ina ƙarfen ya fito. Zai kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. In akwai wasa, boris ne ya ci, zoben na matsowa yana nisanta, wani lokaci har ya gurje kan sensar. Sa sabuwa a kan wannan boris ɗin asara ce. Sai ya haska cikin ramin yana juya taya a hankali yana duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya. A Hilux da 'yan uwanta zoben baya matse yake a jikin shaf, kuma mai sauya boris da guduma ba da na'urar matsewa ba yakan lotsa shi bai sani ba. A gaba kuma akan sayo shaf wanda zobensa bai kai adadin haƙoran na asali ba, ko wanda ba shi da zoben ma sam. Motar za ta yi tafiya lafiya, kwamfutar ce kawai za ta ga ƙafa ɗaya na ƙarya.

Sababbin motoci sun sauya salo. Sensarsu daga kwamfuta take karɓar wuta, tana mayar da amsa da ƙaramar kwararar wuta mai sauyawa tsakanin miliyamp 7 da 14, kuma awon om ba ya faɗin gaskiya a kanta. A wasu, zoben ma ya koma cikin murfin boris, maganaɗisu ne da ido ba ya gani, a fuska ɗaya kawai. A juya boris ɗin wajen sakawa, shi ke nan, sensa ba ta ganin komai. A irin waɗannan, kwamfuta ta gaske mai nuna gudun ƙafafu huɗu a lokaci guda ita ce maganin gardama: a ja mota a hankali, uku na cewa 20, ɗaya na faɗuwa sifili tana dawowa.

Taya ma na da hannu. Mai jif ya fasa taya a hanyar Gujungu, ya sayi wadda ya samu. Tsakanin 265/70 R16 da 245/70 R16 akwai bambancin tsayi na kusan milimita 28, sama da kashi 3 cikin 100. Ƙaramar za ta riƙa juyawa fiye da sauran har abada, abin da ke iya rikita kwamfutar, kuma yana wahalar da giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Gwani na karanta rubutun jikin tayoyi huɗun tun yana gaisawa da mai mota.

Akwai kuma abubuwan da suka keɓanta da mai ja da ƙafa huɗu. A Land Cruiser samfurin 80, in ka kulle tsakiya don gaba da baya su ja tare, motar da kanta take kashe ABS ta kunna fitilar. Haka Hilux da yawa ke yi in an danna maɓallin da ke kulle ƙafafun baya. Dalilin a fili yake: ƙafafun da aka ɗaure tare ba za a iya sassauta wa ɗaya a bar ɗaya ba. Direban da ya kulle don ya fita daga rairayi a wajen Maigatari, ya hau kwalta kullin bai saki ba, sai ya iso gareji hankali a tashe. Gwani zai duba ko fitilar kullin ita ma tana ci, ya ja motar gaba da baya kaɗan, kullin ya saki, fitilu biyun su mutu tare. In sun ƙi, makunnin da ke ba da labarin kullin ne ya maƙale da laka. Bakaniken da ya yi wannan ya ce wa mai mota ya tafi babu komai, alhali zai iya rubuta masa lissafi mai tsawo, ya cancanci a riƙe lambar wayarsa. Irin waɗannan motocin kuma suna da ƙarin sensa a cikin ɗaki, mai auna yadda jikin motar ke rage gudu, saboda ƙafafu huɗun na iya zamewa tare su yaudari kwamfuta. Lambobinta 43 da 44. Dole ta zauna daidai a wurinta, kuma masu cire kujeru da kafet don wanki ko sauyawa sukan bar ta a karkace.

Inda fuskar gwani ke sauyawa shi ne in jar fitilar birki ta kama tare da ta ABS. A motoci da yawa na yanzu kwamfutar nan ce ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, in ta janye hannunta ƙafafun baya na iya riga na gaba ƙamewa, kuma Hilux marar kaya a baya juyawa take yi. Ya fi muni a Land Cruiser samfurin 100 da wasu Prado, waɗanda ba su da babbar tukunyar iskan nan mai taimaka wa ƙafar direba. Famfon lantarki ne ke tara man birki a matse cikin wani ƙaramin tulun ƙarfe, da wannan matsin ake tsayar da mota mai nauyin fiye da tan 2. In famfon ya gaji, fitilu biyu su kama, ƙararrawa ta ɗau kuka, taku kaɗan ya rage kafin feda ta zama dutse. Gwajinsa a samfurin 100 sananne ne: a kashe makulli, a taka birki sama da sau 40 har matsin ya ƙare, a kunna, a saurari famfon da agogo a hannu. Mai lafiya kan yi daƙiƙa 30 zuwa 40 ya tsaya. Wanda ya zarce sosai, ko yake tashi kowane ɗan lokaci ba a taka komai ba, ba motar da za a ce "lallaɓa ka kai Kano" ba ce. A nan gwani yakan ce, "Ranka ya daɗe, motar nan a nan za ta kwana," kuma ba ya janyewa ko mai motar ya ɓata rai.

Tsofaffin direbobin daji suna da ƙorafi a kan ABS, kuma ban ga dalilin raina shi ba. A cikin rairayi da tsakuwa, tayar da ta ƙame takan tara ƙasa a gabanta ta tsaya da wuri, ita kuwa na'urar sai ta yi ta saki, mota ta ƙara nisa kafin ta tsaya. Littafin da Toyota ke sakawa cikin motar ma ya faɗi haka, kuma kamfanin ya fito da tsarin da ke gane irin ƙasar da ake takawa a Land Cruiser samfurin 200 a 2007. Amma cire fis saboda wannan ciniki ne na faɗuwa. A cikin rairayi ba wanda ke gudun 100. A kwaltar Gumel zuwa Kano ake yinsa, inda akuya ko ɗan acaɓa ko amalanken shanu ke faɗowa titi ba sallama, kuma a nan abin da ke ceton rai shi ne mutum ya iya taka birki iya ƙarfinsa yana kuma kaucewa.

Gyara bai ƙare ba don fitila ta mutu a gareji. Da wayar nan a rami na 13 da na 4, ana goge tsohuwar lamba ta hanyar taka birki sau 8 ko fiye cikin 'yan daƙiƙu. Goge lamba kuwa kowa zai iya, shi ya sa gwani ke ɗaukar mai motar su fita tare. Su ɗan yi gudu a kwalta don kwamfutar ta sake auna ƙafafu huɗun, su murza sitiyari iyaka dama da hagu, su bi ta kan gargada, sannan su sami burji inda babu kowa ya ce masa ya taka da ƙarfi. Feda za ta yi kakkarwa, ƙarƙashin bonet ya yi gurnani, direbobi da yawa a nan suke ɗage ƙafa a tsorace suna cewa birki ya lalace. Sai ya sa shi ya maimaita har ƙafarsa ta saba da danne fedar ba ɗagawa. In kuwa bincike ya ƙare a kan kwamfutar birkin kanta ko tarin bawulolinta, yakan faɗa a fili cewa wannan sai an samo mai lamba iri ɗaya daga Kano, kuma a wasu motocin cire iska bayan an ɗaura ta sai da kwamfutar da ke iya buɗe bawulolin ɗaya bayan ɗaya. Ya kwafe lambar jikin tsohuwar a takarda, ya ɗauki hotonta da waya, ya ce kada a biya kuɗi sai an turo hoton wadda za a saya ya gwama su.